Yadda Ake Taimaka wa Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Ya Dawo da Magana

An sallamo Baba daga Asibitin Tarayya na Azare. Yana kallon buta, ya san ta sarai, amma sunanta ya ƙi fita. Kada a ce ya ruɗe, kada a ce iskoki ne: kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo haka suke fama. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya gano rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasa magana. Ɓarin hagun ne ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa matsalar ta fi zuwa tare da mutuwar hannun dama.

Sau da yawa kalmar tana nan, hanyarta ce ta yanke, kamar yadda ambaliyar 2024 ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, motoci suka koma zagaye. Ƙwaƙwalwa ma zagaye take nema ta sassan da suka tsira, kuma yawan bi ke fitar da sabuwar hanya.

Da farko ku zaɓi kalmomi goma da yake bukata kullum: ruwa, kunu, buta, sunayen jikoki. A kashe rediyo, mutum ɗaya ya zauna gabansa.

Sai ka ɗaga butar ka tambaye shi, ka yi shiru ka ƙirga goma a zuci. Nan muka fi kuskure. Tausayi kan sa mu ƙarasa masa, alhali wannan laluben shi ne maganin.

In kalmar ta ƙi fita, ka zagaya da shi: "Baba, me ake yi da ita? Ina ake ajiye ta? Za ka yi alwala, sai ka ɗauki..." In har yanzu shiru, ba shi farkon sautin: "bu..." Daga ƙarshe ne za ka faɗa, ya maimaita.

Ku jarraba abin da baki ya saba: Fatiha, ƙirge, ranakun mako. Wanda ya kasa cewa "ruwa" yakan iya rera kalmar, kuma tun 1973 likitoci a Amurka suke aiki da wannan dabara.

Minti 15, sau biyu ko uku a rana. Ya gaji, a bari. Watanni ukun farko sun fi sauri, amma ana samun ci gaba har bayan shekara. Ranar komawa asibiti ku tambayi inda ake samun mai koyar da magana, kuma don Allah kada ya daina shan maganin hawan jini.