Ɗaurin Kati da Maƙogwaron Ƙadangare

A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya buga. Wasan ya sha bamban da kartar da aka saba gani, inda kowa ke ja daga tuli guda. A nan kowane ɗan wasa shi ke zaɓen katunansa tun daga gida, daga cikin dubban iri da aka buga, ya haɗa su ɗauri guda. Ashe ke nan tun kafin a zauna an riga an fara gasar.

A tsarin da aka fi yi a gasa, ɗauri ba ya gaza kati 60, kuma ba a sa fiye da 4 na iri ɗaya, in ban da katunan ƙasa na asali. Kowa yana farawa da rai 20 da kati 7 a hannu. Katunan ƙasa su ke ba da ƙarfin da ake kira mana, wanda da shi ake biyan farashin ajiye mayaƙa da sauran katuna. Wanda ya sa ƙasa kaɗan, sai katunansa su maƙale a hannu. Wanda ya cika ta, sai ya rasa abin kai hari. Shi ya sa da yawa suke sa wajen 24, wato kashi 40 cikin 100, wanda kan ba da kusan 3 a hannun farko. Har ila yau, katin da aka sa 4 nasa, damar samun aƙalla ɗaya cikin 7 na farko kashi 40 ce cikin 100 kawai. Malaman lissafi suna da kyakkyawan misali a nan, wanda ya fi na jefa kwabo armashi.

Dabarun ɗauri manya guda uku ne. Akwai na farmaki, mai cike da ƙananan mayaƙa masu araha, wanda burinsa ya gama da abokin karawa kafin ya kintsa. Akwai na haƙuri, wanda ke ta rushe duk abin da aka ajiye har sai hannun abokin karawa ya ƙare. Sa'an nan akwai na haɗi, mai neman wasu katuna biyu ko uku waɗanda in sun gamu wasa ya ƙare nan take. Bisa ga yadda aka saba gani, farmaki kan ci haƙuri, haƙuri kan ci haɗi, haɗi kuma kan ci farmaki. Don haka tambayar wane ɗauri ya fi kowanne ba ta da amsa sai an san abin da sauran jama'a suka riƙo. Idan masu farmaki suka yi yawa, masu haɗi sun sami kasuwa. Da zarar su ma sun yawaita, sai masu haƙuri su farfaɗo.

Wannan zagaye ba baƙo ba ne ga masana ilimin halittu. A 1996 Barry Sinervo da Curt Lively suka bayyana irinsa a wani ƙaramin ƙadangare na Kalifoniya, wanda mazansa suka kasu uku bisa launin maƙogwaro. Mai ruwan goro mafaɗaci ne, yana riƙe fili babba da mata da yawa, yana ƙwace na mai shuɗi. Mai shuɗi filinsa kaɗan ne, amma yana tsare matarsa sosai, har mai rawaya ba ya samun kafa. Shi kuwa mai rawaya kama yake yi da mace, sai ya sulale cikin filin mai ruwan goro, wanda ba ya iya sa ido ko'ina. Duk launin da ya yawaita, shi ke buɗe wa mai cinsa hanya, sai rinjaye ya yi ta zagayawa daga wannan zuwa wancan cikin 'yan shekaru.

Idan 'yan wasa sun wuce biyu, lissafin yakan ƙara rikiɗa. A tsarin da ake kira Commander, galibi mutum huɗu ke zama, kowa da kati 100 da rai 40, kuma ba a maimaita kati in ban da ƙasa ta asali. A nan farmaki yakan yi rauni, domin rai 120 ke gabansa, ba 20 ba. Kuma duk wanda ya fara nuna ƙarfi, sauran ukun kan haɗa masa kai. Sau da yawa wanda ya lafe a matsayi na biyu shi ke cinyewa, abin da ya yi kama da halin mai rawaya.

Wani lokaci zagayen yakan tsaya, idan aka buga katin da ya fi ƙarfin kowace dabara. Haka ta faru da katin Oko, wanda ya fito a Oktoban 2019 ya mamaye gasa, har kamfanin ya haramta shi a tsarin Standard cikin Nuwamban wannan shekarar, bai ko cika wata biyu ba.