Matakan Gina Taswirar Wasan Kwamfuta: Nazari a Kan Dust II

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da taswira a fagen wasan kwamfuta shi ne filin da 'yan wasa ke kai-komo a cikinsa, wato ɗakuna da lunguna da bangaye da ƙofofi. Tun daga 1993, lokacin da kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom, ya kuma ware bayanan taswira daga ainihin injin wasan, masu sha'awa suka duƙufa wajen gina nasu. Wannan maƙala za ta bi matakan aikin, tana kafa hujja da Dust II, taswirar da Dave Johnston, mutumin Ingila, ya gina wa wasan Counter-Strike, aka fitar da ita a 2001. Abin da za a nuna shi ne, ingancin taswira yana ga yadda take sarrafa tafiyar ɗan wasa, ado kuwa daga baya yake zuwa.

2.0 Zane da Gini

Matakin farko a kan takarda yake. A Counter-Strike ƙungiyoyi biyu ke karawa: ɗaya na neman dasa bam, ɗaya na tsare wurin. Don haka wajibi ne maginin ya tantance inda kowace za ta taso da inda za su yi kiciɓis. A Dust II wuraren dasa bam biyu ne, A da B, manyan hanyoyi kuwa uku: doguwar hanya zuwa A, hanyar tsakiya, da ta ƙarƙashin rufi zuwa B. Hikimar ita ce masu tsaro ba su iya toshe dukkansu da ƙarfi ɗaya, dole su rarrabu.

Daga nan sai a ɗauko manhajar gini, irin su Hammer ta kamfanin Valve, a tayar da bangaye zalla, ba fenti ba ƙawa. A nan ake kula da awo. Alal misali, a injin Half-Life, wanda Counter-Strike ya tsiro daga gare shi a 1999, tsawon ɗan wasa a tsaye awo 72 ne, faɗinsa 32. Ƙofar da ba ta dace da wannan ba, ko dai ta hana wucewa ko ta yi wa ido girma.

3.0 Gwaji

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci. Ana ƙidaya daƙiƙoƙin da kowace ƙungiya ke ɗauka kafin ta isa mahaɗa, domin idan masu kai hari suka riga masu tsaro isa wurin bam, wasa ya ƙare tun ba a fara ba. Haka nan ana lura da nisan hange: wurin da mai bindigar nesa zai tsaya ya ga ko'ina ba tare da an gan shi ba, illa ne, sai a sa akwati ko kwana a datse shi. Gyaran bango tsirara abu ne mai sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4.0 Ado da Rufewa

Bayan tsari ya zauna ne ake sa launi da haske. Shi ma adon aiki yake yi, domin kowane sashe na bukatar alamar da ɗan wasa zai gane inda yake, ya kuma faɗa wa abokansa da kalma ɗaya. Daga ƙarshe a tabbata babu kafa ko ɗaya a bangon da ya kewaye taswirar. In akwai, manhaja ba za ta iya lissafa abin da ke ɓoye ga ido ba, sai kwamfuta ta dinga zana komai, wasa ya yi nauyi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa aikin yana bin tsari ne: zane, gini, gwaji, sannan ado. Fiye da shekara 20 bayan fitowarta, an sha sabunta kamannin Dust II, amma hanyoyinta uku suna nan yadda aka shata su tun farko.