Darasi na 14: Askar Wanzami da Rubutun da ke Jikinta

Kowa a cikinmu ya taɓa zama gaban wanzami. Tun ran suna, muna da kwana bakwai a duniya, aska ta hau kanmu. Wanzami ke yi mana aski da gyaran fuska, shi ke yin kaciya da ƙaho. Saboda haka maganar aska ta shafi kowa, ba 'yan gado kaɗai ba.

A zabirar wanzamanmu na Kalgo da Gwandu a kan sami aska iri biyu. Akwai ƙirar maƙeranmu, wadda ba ta da rubutu. Akwai kuma tsohuwar askar Turai mai naɗewa cikin ƙotarta, irin wadda kakanninmu su ka saya zamanin kantunan Turawa. Ita ce za mu karanta yau.

Tsagar Gadon Aska

In mun ga tsagar fuskar mutum, mu kan gane Bakabe ne ko Bagobiri. To, aska ma tana da tata tsagar. Ku goge wuyanta da tsumma da ɗan mai, wato tsakanin kaifi da ƙota. Za ku ga ƙananan baƙaƙe.

In kun ga SHEFFIELD, sunan wani gari ne a Ingila. In kun ga SOLINGEN, gari ne a Jamus. Garuruwan nan biyu sun shahara da ƙirar wuƙa da aska da almakashi.

Kusa da sunan a kan buga ɗan hoto. Shi ne tambarin gidan da ya ƙera ta. Tauraro da gicciye na gidan Joseph Rodgers ne. Lofe na George Wostenholm ne. Duka biyu a Sheffield su ka yi suna. Hoton tagwaye kuwa na gidan Henckels ne na Solingen, tun 1731. Wani lokaci kuma za ku ga lamba kamar 5/8. Faɗin askar ke nan, kashi 5 cikin 8 na inci.

Rubutun nan yana iya nuna shekarunta. Daga 1891 Amurka ta ce sai an rubuta sunan ƙasa a jikin kayan da a ke kai mata. Sai maƙeran Sheffield su ka riƙa ƙara ENGLAND. Askar da ke da SHEFFIELD kaɗai, mai yiwuwa ne ta girmi wannan shekara, wato an ƙera ta fiye da shekara 100 kafin a kafa Jihar Kebbi a 1991. In kuwa kun ga W. GERMANY, an yi ta ne lokacin da Jamus ke rabe biyu, tsakanin 1949 da 1990.

Amma a yi hattara. Tun da can akwai masu satar suna. A 1887 sai da Ingila ta yi doka saboda baƙin maƙera da ke buga sunan Sheffield a kayansu. Wanda ya iya karatu ba a sayar masa da aska da daɗin baki. Duk da haka suna ba ya aski. Kaifi ke yi.

Yadda A Ke Wasa Aska

1. A sami dutsen washi mai laushi, shimfiɗaɗɗe, marar rami. A jiƙa shi da ruwa.

2. A kwantar da aska bisa dutsen, bayanta da kaifinta duk su taɓa shi. Askar Turai ba a ɗaga mata baya kamar wuƙar fawa. Kaurin bayan nan shi ke daidaita kaifin.

3. A tura ta, kaifi a gaba, kamar za a aske dutsen. Kada a danna. Nauyinta ya isa.

4. In an kai ƙarshe, a juya ta bisa bayanta, a komo. In gefe ɗaya ya sami 20, ɗayan ma 20.

5. Sai a koma ga fata. A ja fatar ta miƙe sosai. A nan baya ke gaba, kaifi na biye. In an saɓa, za a yanke fatar, a kashe kaifin.

6. A gwada a gashin hannu. In ta aske ba ta ja ba, ta yi.

Fata kullum kafin aski, dutse kuwa sai ta dakushe. Yawan washi yana cinye aska. Bayan aiki a tsane ta, a shafa mai don tsatsa. Kada a sa ta cikin wuta, don wuta tana kashe ƙarfe.

Kaifi da Tsabta

Dakusasshiyar aska ita ta fi yanka mutum, gama sai an danna ta. Inda jini ya fita kuwa, cuta tana iya shiga. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini daga wani zuwa wani, ido kuwa ba ya ganinsu. Gogewa a tafin hannu ko a fata ba ta kashe su. Sai a wanke aska da sabulu, a tafasa ƙarfen minti 20 kafin ta hau kan wani. Abin da ya fi, kowane gida ya mallaki tasa, jariri kuma a saya masa sabuwar reza ran suna. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Solingen ta ke?
2. Me 5/8 ke nufi?
3. Wane gefen aska ke gaba a bisa dutse? A bisa fata fa?
4. Minti nawa a ke tafasa aska?

Aikin gida: Ku roƙi wanzamin unguwarku ya nuna muku tsohuwar askarsa. Ku kwafo baƙaƙen da ke wuyanta, ku kawo aji mu karanta tare.