Ɗana, Ga Yadda Za Ka Zauna da Keken Nan Lafiya

Ɗana, na ji an sallame ka daga asibiti, an kuma kawo maka keken guragu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Masu zuwa dubiya za su yi ta ba ka haƙuri, kuma sun kyauta. Ni abin da zan ɗora a kan nasu shi ne yadda za ka yi mu'amala da keken, don kada abin da aka kawo domin ya ɗauke ka ya zame maka sabon ciwo.

Zan fara da abin da ya fi tsorata ni, wato gyambon zama. Mai lafiya idan ya daɗe a zaune, mazaunansa za su yi tsami, ya muskuta bai ma sani ba. Kai da lakarka ta taɓu, wannan gargaɗin ba ya iso maka. Nauyinka duka yana kan ƙasusuwa biyun da ake zama a kansu, suna danne naman da ke ƙasa har jini ya kasa ratsawa. Naman yakan fara mutuwa tun daga ciki, kusa da ƙashi, kafin a ga komai a fata. Shi ya sa ranar da ya fashe sai a tarar da rami. Irin wannan gyambo kan kwantar da mutum watanni, idan kuma ya ci ƙashi ko ya shiga jini, yana kisa.

Maganinsa ba ya cin ko sisi. Duk bayan minti 15 zuwa 30, ka ja birki, ka duƙa gaba har ƙirjinka ya kusa gwiwa, ko ka karkata gefe guda sannan ɗaya gefen, ka tsaya haka kamar minti biyu jini ya koma. Ka sa wayarka ta riƙa tuna maka har jiki ya saba. Safe da dare ka duba mazaunanka, da ƙashin ƙugu, da diddige, da madubi ko da idon wanda ba ka jin nauyinsa. Kunya ba ta da wuri a nan, ɗana. A baƙar fata irin tamu ba lallai ka ga ja ba. Wurin zai ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ka taɓa ka ji ɗumi da tauri. In ka ga haka kuma bai washe ba bayan rabin sa'a, ka sauka daga keken, ka kwanta ta yadda wurin ba zai taɓa komai ba, a nemi likita. Kada a murza shi, kada a shafa man zafi. Matashin kai ba kushin ba ne, haka ma wanda aka naɗe kamar gammo, don gefensa yana tare jini. A nemi soso mai kauri da aka yi domin wannan aiki, a canza shi da zarar ya lotsa. Gumi da fitsari suna jiƙa fata ta yi saurin saɓulewa, saboda haka kada ka zauna cikin danshi.

Keken kansa sai ya yi daidai da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji tun 2008 cewa a auna mutum, a duba inda yake zaune, kafin a ba shi keke. Mu kuwa akasari keken rabo muke samu, girma ɗaya ga kowa, an ƙera shi don daɓen asibiti, ga shi za a tura shi cikin yashi. Allah ya saka wa masu bayarwa, amma ka duba: tafin hannunka ya iya shiga tsakanin cinyarka da gefen keken, yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin bayan gwiwa da bakin kujera, matakin ƙafa kuma kada ya riƙa shafar ƙasa. In bai yi ba, ka kai shi wurin masu gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, su daidaita maka.

Faɗuwa ta fi zuwa lokacin hawa da sauka. Ka matso da keken daf da gado, ka ja birki biyun, ka kawar da matakin ƙafa, ƙananan tayoyin gaba su miƙe suna duban gaba. Wanda ya taka matakin ƙafa da nauyinsa, keken zai kife da shi. Birki taya yake kamawa, in iska ta ragu ba zai riƙe ba. Ka saba da mai facin unguwarku, ya duba iska, ya ɗaure noti, ya cire zare da gashin da ke naɗewa a ƙananan tayoyi. Carbi ko waya ta faɗi, kada ka miƙa daga nesa, ka juyo da keken abin ya zo gefenka. Jaka mai nauyi a baya tana jan keke ya faɗi ta baya.

Akwai abubuwa biyu da mutanenmu ke mantawa. Ƙarfen da ya sha ranar bazara yana ƙona cinyar da ba ta ji, haka kaskon wuta a lokacin hunturu. Sannan hannun babbar riga da gefen zane suna shiga taya. A tattare su a kan cinya kafin a motsa.

A hawa ka duƙa gaba, ka tura da dogon hannu a natse, don kafaɗun nan su ne ƙafafunka yanzu, gajeren turi na gaggawa yana cinye su. A gangara ka bar zoben tayar yana zamewa a tafin hannunka kana rage gudu, kada ka fizgi birki. Kwalbati mai tsaga da bakin kwata suna cafke ƙaramar taya, keke ya tsaya cak, mutum ya wuce.

Wannan kuma ka karanta wa ƙannenka. Kafin ku tura yayanku, ku tambaye shi, ku kuma faɗa masa abin da za ku yi. Za a hau dakali, a taka ƙarfen baya a ɗaga tayoyin gaba tukuna. Za a sauka, a juya a sauko da baya a hankali. In ɗagawa ta kama, a kama gangar jikin keken, ban da wurin ɗora hannu da matakin ƙafa, don suna zarewa a hannun mutum. Keken ba abin wasan yara ba ne, ko da ba ya kai.

Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a a Najeriya shekara 5 su gyara mashigarsu yadda masu keke irinka za su iya shiga, amma har yau za ka iske masallatai da ofisoshi da matakala kawai, ko gangarar da ko mai ƙafa sai ya yi nishi. Kada wannan ya zaunar da kai a ɗaki. Ka fara da gidanku: ka ce wa mahaifinka a kira birkila ya yi gangara a ƙofar zaure. Ƙa'idar ita ce kowane tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato dakali mai santimita 20 yana buƙatar mita 2 da santimita 40. A karce simintin tun yana ɗanye, kada ya yi santsi da damina.