Hukuncin Tafiya Hajji a Ƙasa da Goyon Jariri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi matar da ta kama hanyar Makka da goyo a bayanta, da abin da shari'a ta faɗa game da ita da jaririnta.

Kafin zuwan mota da jirgin sama, mutanen ƙasar Hausa da ƙafa suke zuwa Hajji. Ayari yakan tashi daga Kano ya bi ta Barno, ya shiga Fallomi, watau Njamena ta yau, ya wuce Abeshe a ƙasar Wadai, sa'an nan Darfur da Al-Ubayyid, har bakin kogin Nilu. Daga nan sai Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar ta fi mil 2,000, kuma talaka yakan shekara da shekaru a hanya, domin in guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago. Saboda haka mace takan bar gida da goyo, ta yaye shi a hanya, ta haifi wani kafin ta ga Ka'aba. Da yawa sun zauna a Sudan, musamman bayan an buɗe gonakin audugar Jazira a 1925. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kuwa, jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

Wannan lamari yana da asali tun daga Nana Hajara, wadda Annabi Ibrahim ya ajiye a kwarin Makka tare da Isma'ila yana jariri. Da ruwan salka ya ƙare, ta kai ta komo tsakanin Safa da Marwa sau bakwai tana neman agaji, har Allah ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Sa'ayin da kowane alhaji yake yi, sawun uwa mai shayarwa yake bi. Haka kuma a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Asma'u 'yar Umaisu ta haifi Muhammadu ɗan Abubakar a Zul-Hulaifa, Annabi ya umarce ta ta yi wanka ta ɗaura harami ta ci gaba da tafiya. Imam Muslim ya ruwaito cewa wata mace ta ɗaga yaronta ta tambayi Annabi ko wannan yana da Hajji, ya amsa mata cewa yana da shi, ita kuma tana da lada.

Daga nan malamai suka fahimci cewa Hajjin jariri ya inganta, amma nafila ce. Idan ya balaga ya sami iko, Hajjin farilla yana nan a kansa. A mazhabar Malikiyya waliyyinsa ne yake yi masa niyyar harami, ba a kuwa tuɓe masa ɗinkakkun tufafi sai an kusa shiga Harami. Waliyyi ya fara yin ɗawafin kansa, sa'an nan ya ɗauki yaron ya yi wani dominsa, gama ɗawafi ɗaya ba ya isar wa mutum biyu, ko da yake sa'ayi ɗaya yana isarwa. Ya kai shi Arfa da Muzdalifa da Minna, ya yi masa jifa, amma ba ya yi masa talbiya ko raka'a biyu na ɗawafi.

To, amma halaccin abu daban, wajabcinsa daban. Allah bai wajabta Hajji ba sai ga wanda ya sami iko. Malikiyya sun ce namiji mai ƙarfin tafiya a ƙasa, wanda yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ya sami iko, muddin akwai aminci ga rai da dukiya. Wannan fatawa ce ta ƙarfafa mutanen da suka bi hanyar Sudan. Sai dai Shaihu Halilu ya keɓe mace a cikin Muhtasar, ya nuna cewa ba a ɗora mata doguwar tafiyar ƙasa ba. Balle mai shayarwa, wadda shari'a ta yarje mata ta sha azumin Ramadan idan ta ji wa ɗanta tsoro. Jariri ba ya jure ƙishirwa da zafin rana kamar babba, zawo na kwana ɗaya yana iya ƙarar da shi. Kiyaye rai wajibi ne, Hajjin yaro kuwa nafila, ba a kuma tozarta wajibi domin nafila.

Yau hanyar nan ta dā ta toshe. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, kuma ba a shiga aikin Hajji sai da izinin hukuma. A Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu a tsananin zafi, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba izini, suka yi ta tafiya a rana ba inuwa. A 2025 hukumomin Saudiyya suka sanar da hana zuwa Hajji da ƙananan yara.

Saboda haka macen da kujera ta samu alhali tana goyo, sai ta auna. Idan akwai amintacciyar da za ta riƙe yaron ba tare da ya cutu ba, ta tafi. Idan babu, ta dakata har ta yaye shi, babu laifi a kanta, mijinta da danginta kuma kada su matsa mata don gudun maganar mutane. Allah ya gafarta wa waɗanda suka kwanta dama a hanyar ɗakinsa, ya kai mai niyya. Wasalamu.