Jiragen da Suka Ƙi Ruɓa a Tafkin Huron

Duk wanda ya ga yadda gara ke cinye azara zai yi mamakin jin cewa a Tobermory ta ƙasar Kanada akwai wani jirgin ruwa na katako, Sweepstakes, da ya nutse tun 1885, amma har yau gangar jikinsa na nan a zurfin mita 6 kacal, masu nutso na kai masa ziyara.

Me ya hana shi ruɓa? Da farko, ruwan tafkin ba shi da gishiri. A teku akwai Teredo navalis, wata halitta dangin dodon koɗi mai siffar tsutsa, wadda ke huda katako. Ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Sai kuma sanyi. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na santigireti, don haka ƙasan tafki mai zurfi ba ya nisa da wannan awo ko da bazara, ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da itace kuwa sai su yi nawa.

To, wannan sanyin shi ne abokin gabar mai nutso. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25. Dole ya sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, kuma na'urar numfashinsa na iya daskarewa ta yi ta zubar da iska.

A 1988 aka gano wasu baƙin halittu masu ɓawo biyu da jiragen Turai suka shigo da su Manyan Tafkuna. Suna tace ruwa ya yi garau, amma sun lulluɓe jirage da yawa har ba a ganin katakon.