Darasin Wannan Fitowa: Tazarar Haihuwa Daban, Ƙayyade Iyali Daban

'Yar'uwa mai karatu, darasinmu na yau a kan maganar da muka fi yi a ɓoye ne, a gidan suna ko bakin rijiya, wato tazarar haihuwa. Na fi nufin ƙannenmu da 'ya'yanmu masu sabon aure a ƙauyukan Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi, inda za ki ga yarinya ba ta cika shekara 20 ba, ga goyo a baya, ga ciki a gaba, ga surfe da kai abinci gona.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa a Nijeriya, kusan haihuwa 7 ga kowace mace. Yawan zuri'a alheri ne, ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kwanika. Iyayenmu sun san illarta, shi ya sa mai jego kan tafi gida wanka ta daɗe, wata ma sai an kusa yaye. Yau al'adar ta ja baya, ba a kuwa maye gurbinta da komai ba.

Me Shari'a ta ce?

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta sanya cikakkiyar shayarwa shekara biyu. Hadisin Jabir (RA) da ke Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da wahayi ke sauka, ba a kuma hana su ba. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta rarrabe al'amarin. Ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da lalura, ta hana hukuma kafa dokar ƙayyade yawan 'ya'ya, sannan ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci, matuƙar miji da mata sun yi shawara sun yarda, kuma hanyar ba ta cutarwa, ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga.

Me likitoci suka ce?

A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana, suka ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, wata 6 kuma bayan ɓari. Kin ga lissafinsu ya zo daidai da wa'adin shayarwa. Dalili kuwa, jinin da ciki ya ci bai gama dawowa ba. In wani ya hau kai, sai ƙarancin jini ga uwa, haihuwar bakwaini, da yaye na gaggawa da kan jefa na goye cikin tamowa. Ai ko manomin masara ba ya cusa iri wuri guda, sai ya ba da tazara.

Hanyoyin da ake da su

Shayarwa kanta kariya ce, amma da sharuɗɗa uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Bayan ita akwai ƙwaya ta kullum, ta masu shayarwa kuma daban take. Akwai allurar wata 3, da ashanar hannu mai shekara 3 ko 5, da robar mahaifa mai kai shekara 10. Ana cire ashana da roba duk ranar da aka so, haihuwa ta dawo. Allura ce kan ja wasu watanni bayan an bari.

Don Allah kar ki ba yaro kuɗi ya sayo miki a kemis, kar kuma ki ari ta maƙwabciya. Je ki asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, a auna jininki tukuna, domin akwai ƙwayar da ba ta dace da mai hawan jini ba.

To, sallah fa in jini ya rikice?

Wannan ce tambayar da ɗalibai suka fi yi, don allura da ashana kan kawo ɗigon jini ko ɗaukewar al'ada. Ki koma babin haila a Ahalari. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai al'ada sananniya za ta ƙara kwana 3 a kan kwanakinta, matuƙar ba su wuce 15 ba. Abin da ya biyo baya istihala ce: ki yi wanka, ki yi sallarki da azuminki. In jinin ya yi yawa, koma wa ma'aikaciyar lafiya.

Daga ƙarshe, kar ki yi a ɓoye. Haihuwa haƙƙinku ce ku biyu, ɓoyo kuma shi ke haifar da zargi. Nemi lokacin da maigida ke cikin natsuwa, ki fara da lafiyar na goye, ki nuna masa ayar. In abin ya faskara, a sa malami ko babban da yake jin nauyinsa. Ke kuma uwar miji, ki tuna surukarki amana ce a hannunki.

Allah Ya ba mu zuri'a ɗayyiba, Ya sauki masu ciki lafiya. Amin.